Yadda Ake Fenti Da Gyaran Sojojin Wasan Tebur

Tun ranar ba da kyaututtuka ta bana, sa'ad da Ƙungiyar Tarihi ta shimfiɗa teburinta a zauren taro, mutane da dama sun tare ni suna tambayar yadda aka yi 'yan ƙananan sojojin nan masu jan kaya suka fito kamar za su yi magana. Wasu sun ce sayo su aka yi a haka, wasu kuma sun ce ai wasan yara ne, bai kamaci ɗan sakandare ba. Don haka na ga ya kyautu in bayyana yadda ake aikin daki-daki, da kurakuran da na yi, domin wanda zai bi bayana kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Asalin wasan

Wannan wasa na Turawa ne. A shekarar 1812 wani mutumin Furushiya, watau wata tsohuwar daula ta ƙasar Jamus, mai suna Reisswitz, ya kai wa sarkinsu wani tebur da ya shirya don kwaikwayon yaƙi. A 1824 ɗansa, wanda hafsa ne a sojan igwa, ya gyara dokokin, ya mayar da wasan a kan taswira, da 'yan guntaye masu launin shuɗi da ja a maimakon rundunoni. Suka sa masa suna Kriegsspiel, watau wasan yaƙi da Jamusanci, sojan ƙasar kuma suka ɗauke shi don koyar da hafsoshi.

A Ingila kuwa, a 1893 kamfanin William Britain ya fito da dabarar zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi arha. A 1913 marubucin nan H. G. Wells ya buga littafinsa Little Wars, inda ya tsara dokokin wasa da irin waɗannan sojoji, ana harbinsu da 'yar igwar wasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin roba suka yawaita, kamfanoni irin su Airfix suka riƙa sayar da su cikin kwali. A 1983 kamfanin Games Workshop ya fito da wasan Warhammer, mai dodanni da mayaƙan tatsuniya. Saboda haka masu wannan wasa sun kasu biyu, masu bin tarihi da masu bin ƙage. Ni ina cikin masu bin tarihi.

Sojojin da nake da su ma'auninsu 1:72 ne. Ma'anarsa ita ce an raba tsawon mutum gida 72, an ɗauki ɗaya. Mutum mai tsawon santimita 180, in ka raba da 72, zai koma santimita 2.5, watau bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. A kan wannan ɗan wuri ne za a fitar da fuska da riga da ɗamara da bindiga.

Yadda na fara, da ɓarnar da na yi

A dogon hutun bara Yayana ya dawo daga karatu a Ingila, ya kawo mini tsaraba: kwali biyu na sojojin yaƙin Waterloo, ɗaya na Ingila ɗaya na Faransa, da 'yan kwalaben fenti shida da burushi biyu. Baba ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Kai da za ka shiga aji biyar, shi ne za ka koma wasan 'yar tsana?" Da ƙyar Yaya ya shawo kansa, amma da sharaɗi: in na sauka daga matsayina a jarrabawar zangon, kwalayen sun bar hannuna ke nan.

Da muka koma makaranta na ba abokina na Faransa, na riƙe na Ingila, su 48. Daren Asabar na farko na kasa haƙuri. Na tsoma burushi cikin kwalba, na lafta wa soja 12 jan fenti mai kauri. Kashegari na ga fuskokinsu sun toshe, maɓallan riguna sun ɓace, da na ɗan lanƙwasa bindigar ɗaya kuwa sai fentin ya ɓantare kamar ɓawon gyaɗa. Rubu'in runduna ta ya lalace a dare ɗaya, ga shi babu kantin da zan je in sayo wasu.

Na kwashe su na kai wa malaminmu na tarihi ina neman shawara. Ya jujjuya ɗaya, ya ce, "Yaro, wace runduna ce wannan?" Na ce, "Ta Ingila ce, Malam." Ya ce, "Ingila ta kai bataliyoyi da yawa wannan fage, kowace da alamarta. Je ka laburare ka gano wadda kake nufi, sa'an nan ka dawo mu yi maganar fenti." Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ne babba: karatu ne a gaba, burushi a baya.

Abin da na samo a laburare

An gwabza yaƙin Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815, a ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, tsakanin Napoliyon na Faransa da rundunar haɗin gwiwa ta Wellington, tare da sojan Furushiya na Blücher. Kwana biyu kafin nan, ranar 16 ga Yuni, an yi wata arangama a mararrabar Quatre Bras. A cikin wani littafi na ga hoton wani shahararren zane da wata Baturiya, Elizabeth Thompson, ta yi a 1875, wanda ke ajiye a gidan adana zane-zane na birnin Melbon a Ostareliya. Zanen ya nuna Runduna ta 28 ta sojan ƙasa na Ingila sun yi sahu mai kusurwa huɗu, na gaba sun durƙusa sun kafa banati, mahaya dawakin Faransa suna ta kawo musu hari. Nan take na ce wannan ita ce tawa.

Ga kayansu kamar yadda na samo. Riga ja ce, amma ta ƙananan soja jan bulo ne mai duhu, ta hafsoshi ce ja wur, domin rinin nasu ya fi tsada. Wando ruwan toka. Ɗamara biyu farare da suka gitta juna a ƙirji. Jakar goyo baƙa, gorar ruwa shuɗiya. Wuyan riga da bakin hannu su ne ke bambanta runduna da runduna, na ta 28 rawaya ne. Bataliya tana da kamfani 10, ana gane su ta tuntun hula: kamfani 8 na tsakiya fari da ja, zaɓaɓɓun ƙarfafa fari zalla, masu saurin kai hari kuma kore.

Mataki na farko: wanki da sharewa

Sojan roba yana fitowa daga masana'anta da wani maiƙo a jikinsa wanda ido ba ya gani, ana shafa shi ne don kada robar ta manne wa ƙarfen zubi. Wannan maiƙo shi ne ya hana fentina kamawa. Sai a wanke su da ruwan ɗumi da garin sabulu, a goge da tsohon burushin haƙori, a ɗauraye, a bar su su bushe sarai. Da wannan hanya na kankare fentin sojojina 12 da suka lalace, ko da yake sai da na ci Asabar biyu a kai.

Bayan haka, in ka duba da kyau za ka ga wani siririn layi ya zagaye jikin sojan, inda ɓangarorin ƙarfen zubi biyu suka haɗu. A yanke shi da sabuwar reza a hankali. Kada a goga shi da magagari, domin roba mai laushi tana yin gashi-gashi. A nan ina jan kunnen 'yan'uwana: dokar makaranta ta hana ajiye abin yanka a ɗakin kwana, saboda haka mu a ɗakin zane muke aikin, rezar kuma tana hannun Malam. In za ka yanka, ka tura bakin rezar waje, nesa da yatsanka. Ni tabon babban yatsana ne ya koya mini wannan.

Mataki na biyu: shimfiɗa

Kamar yadda magini ba ya shafa farar ƙasa sai ya yi yaɓe, haka ba a sa launi a kan tsirarar roba. A surka farin gam na kafinta da ruwa, a shafe sojan da shi siriri, a bar shi ya kwana. Wannan gam yana lanƙwasa tare da robar, shi ya sa fenti ba ya tsagewa a kansa. Sa'an nan a bi da farin fenti. Dalilin zaɓen fari shi ne ja da rawaya ba su da ƙarfin rufe duhu, in ka shimfiɗa baƙi a ƙarƙashinsu sai jan ya koma kamar busasshen jini.

Kada a riƙe soja da hannu ana fenti. A manna shida ko takwas a jere a kan tsinken katako da ɗigon gam, a riƙe katakon.

Mataki na uku: launi

Fentin da ya dace shi ne akirilik, wanda ake surkawa da ruwa. A ɗiba kaɗan a kan murfi, a sa ruwa har ya yi kaurin madara. Shafa biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin mai kauri yana cike ƙananan ramukan da suka ba sojan kamanninsa.

A fara daga ciki zuwa waje, kamar yadda mutum ke sa tufafi: fuska da hannu, wando, riga, wuyan riga, sa'an nan ɗamara da jaka da bindiga. Ta haka kowane launi yana rufe kuskuren wanda ya gabace shi. Kuma kada a gama soja ɗaya kafin a taɓa na biyu. A yi wa duk na kan katako wando, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe, sai a koma kan riga. Ban ɓata lokaci a kan idanu ba, domin daga nisan da mai kallo ke tsayawa ba wanda zai gan su.

Lokacin hunturu mun sha wahala, fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ya kai jikin soja, ƙura kuma tana manne wa ɗanyen aiki. Maganin na farko shi ne a sa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, a shimfiɗa takarda mai santsi a kai, a zuba fentin bisa takardar, danshin yana hana shi bushewa. Maganin na biyu, a kife kwali a kan sojojin da zarar an gama. Burushi kuwa bakinsa kaɗai ake tsomawa. In fenti ya shiga gindin gashin ya bushe, bakin ya baje ke nan har abada.

Mataki na huɗu: inuwa da haske

Soja mai launi ɗaya shafe yana fitowa kamar alewa. Don ya yi kama da mutum, sai a surka fenti mai ruwan ƙasa da ruwa mai yawa har ya yi kamar shayi, a bi jikin sojan da shi. Zai gangara ya taru a lungunan tufafi, ya zama inuwa. Bayan ya bushe, a ɗauki tsohon burushi a tsoma cikin launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, sa'an nan a riƙa share saman sojan da shi sama-sama. Ɗan abin da ya rage zai kama wuraren da suka yi tudu kaɗai. Waɗannan dabaru biyu su ne suka sa mutane suka zaci sayo su aka yi. A ƙarshe a sake bi da surkakken gam don kare fentin daga yatsun 'yan wasa.

Gyaran siffa

Yanzu na zo kan abin da ya fi ba ni wuya. Na gama soja 24 ina ta murna, sai Malam ya aza su kusa da wani littafin, ya ce, "Dubi hulunan nan da kyau." Ashe daga 1812 yawancin sojan ƙasa na Ingila sun koma sa wata sabuwar hula mai dogon allo a goshi da tuntu a gefen hagu, irin wadda ke kan sojojina. Amma Runduna ta 28 ta je Waterloo da tsohuwar hularta, doguwa miƙaƙƙiya kamar bututu, mai tuntu a gaba. Ita kanta mai zanen nan, duk da ƙoƙarin da ta yi har da sa a ɗinka mata kayan soja don ta kwaikwaya, sabuwar hular ta sa musu. Na bi zane ban bincika ba, na gaji kuskuren da aka yi tun 1875.

Na ce, "Malam, ai ba wanda zai gane." Ya ce, "Kai fa? Ba ka riga ka gane ba?" Ban sami amsa ba. Saura mako biyar ranar ba da kyaututtuka, jarrabawa kuma tana tafe. Na yanke shawara zan gyara, amma ranar Asabar da yamma kaɗai, ba zan taɓa lokacin karatun dare ba.

Gyaran siffa shi ne ka sauya sojan da aka zubo ya zama wani wanda babu shi a kwali. Ga hanyoyi uku da na bi.

Ta farko, hula. Na yanke allon goshin da tuntun gefe da reza, na murza wani ƙullun gam mai kashi biyu da Yaya ya aiko mini, shuɗi da rawaya, wanda in an cuɗa su suka zama kore to sun haɗu, na ƙara wa hular tsawo, na daidaita ta da jiƙaƙƙen tsinken sakace. Tuntun gaba kuma guntun fil ne na soka na lulluɓe da ƙullun. Sai a bar shi ya kwana kafin a yi fenti.

Ta biyu, mai riƙe da tuta. Kowace bataliya tana da tuta biyu, ta sarki da ta runduna, ta biyun launinta ɗaya da wuyan riga, watau tamu rawaya. Kwalina kuwa ba shi da isassun masu tuta. Na ɗauki hafsa ɗaya na yanke takobinsa, na huda dunƙulen hannunsa da allura mai zafi, na zura waya. Ƙyallen tutar na yanko shi daga siririn gwangwanin nan da ake liƙe bakin gwangwanin madarar gari da shi, domin yana karɓar lanƙwasa kamar iska na kaɗa shi.

Ta uku, sauya tsayuwa. In ka tsoma soja cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, robar tana laushi, sai ka lanƙwasa hannu ko ƙafa yadda kake so, ka tsoma shi nan da nan cikin ruwan sanyi, ya tsaya a haka. Amma wannan kafin fenti ake yinsa. In kuma za ka cire kan wani ka sa wa wani, gam kaɗai ba ya riƙe irin wannan roba. Sai ka soka guntun fil rabi a wuya rabi a kai, shi ne ƙashin da zai riƙe su.

Akwai wani ɗan ɗigo mai ruwan tagulla da na sa a bayan kowace hula. Dalilinsa shi ne a yaƙin Iskandariyya ta Masar, ranar 21 ga Maris, 1801, Faransawa sun auka wa wannan runduna gaba da baya, sai sahun baya ya juya, suka yi yaƙi baya da baya har suka tsira. Tun daga nan suka riƙa sa lamba a ƙeyar hula ban da ta goshi.

Daga ƙarshe sai dandamali. Na manna sojoji huɗu-huɗu a kan guntayen kwali mai kauri, na shafa gam, na barbaɗa rairayi, na bi da garin katako da na rina kore ya zama ciyawa. Wannan yana sa a ɗauke su da sauƙi ba tare da an taɓa fentin ba.

Ranar ba da kyaututtuka

Cikin 48 na gama 44, huɗu sun mutu a hannun reza tun ba su ga fagen fama ba. Muka shimfiɗa koren bargo, muka yi tuddai da littattafai a ƙarƙashinsa, muka buga wasan da rula da ɗan lido: rula tana auna nisan tafiya da na harbi, ɗan lido yana yanke hukuncin wanda harbi ya samu. Ba zan ɓoye muku ba, abokina ya ci ni. Na yi jinkirin haɗa sahu mai kusurwa huɗu, mahayansa suka tarwatsa ni. A nan na gane a aikace abin da ya sa sojan ƙasa na wancan zamani ke tsoron doki in ya same su a warwatse.

Baba ya zo ya daɗe a tsaye yana kallo. Can sai ya ɗauki dandamali ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Wannan ɗigon na baya fa, fenti ne ya zube maka?" Na ce, "A'a Baba, da gangan ne," na ba shi labarin Iskandariyya. Ya ajiye a hankali, ya ce, "To, bari mu ga sakamakon jarrabawa." Sakamako ya fito, ban hau ba, ban kuma sauka ba, kwalayen suna nan a hannuna.

Ga iyayenmu, ina roƙon a duba abin da yaro ke koya kafin a yanke wa wasansa hukunci. Ni dai wannan aiki ya sa na yi lissafin ma'auni, na karanta littattafan da da ban buɗe su ba, na kuma koyi kada in gaskata hoto don kawai ya shahara. Ga 'yan'uwana kuma, wanda bai sami sojan roba ba kada ya ce an bar shi a baya. Hannun da ya iya gina dokin laka da motar kara zai iya wannan, matakan duk ɗaya ne.

Abu ɗaya ne Malam ya ce kada mu manta. Mu in mun gama wasa muna kwashe matattunmu mu mayar cikin kwali, gobe su tashi. A Waterloo kuwa, mutum wajen 50,000 ne suka mutu ko suka ji rauni a yini ɗaya, kowannensu ɗan wani ne. Shi ma Wells abin da ya so masu wasansa su fahimta ke nan, shekara ɗaya kacal kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya bar yaƙi a kan tebur.

Ƙungiyar Tarihi tana haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a ɗakin zane. Mai sha'awa ya zo da tsohon burushin haƙorinsa, domin da wanki za a fara. Wassalam.